Me ya sa wanda kuran ya kama ba ya iya sakin waya?

Mun sha jin ana cewa wuta ta "riƙe" mutum. Ainihin abin da ke faruwa, hannun mutumin ne ke damƙe wayar ba da son ransa ba. Naman da ke lanƙwasa yatsu ya fi wanda ke miƙe su ƙarfi. In kuran ya ratsa hannu, dukansu sai su ɗaure lokaci guda, mai lanƙwasawa ya rinjaya. Wutar NIGELEC mai bolt 220 tana kai da komo sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ba ta ba naman sararin saki. Kuma ba sai mai yawa ba: miliampar 10 zuwa 16 sun isa su hana babban mutum buɗe hannu, alhali ƙwan fitila irin na da mai wat 60 yana jan fiye da 250. In ta bi ta ƙirji, tana iya tsaida numfashi ko ta rikita bugun zuciya.

To, shingen lantarki na gaskiya fa? Shi yana da na'urarsa daban, mai aiki da batir ko hasken rana. Bolt ɗinta dubbai ne, amma ƙyas ɗaya take bugawa, ta yi shiru kusan daƙiƙa guda kafin ta sake. Wannan shirun shi ke ba akuya ko yaro damar janye jiki. Akwai zafi, amma ana tsira.

Abin da muke jan kunne a kai shi ne mai lambu ya jona wayar shingensa kai tsaye da wutar gida don korar bisashe ko ɓarayi. Wannan tarko ne, wallahi, musamman a lambun da aka yi wa ban ruwa, ƙasa jiƙe, yara ba takalmi. Ƴan uwa da ke waje masu aiko kuɗin shinge, ku tambaya wace na'ura aka saya.

In kun tarar da wanda wuta ta kama, kada ku taɓa shi, ku ma za ta haɗa da ku. A kashe wutar daga kontar. In ya yi nisa, a tsaya a busasshen wuri a ture wayar da busasshiyar sanda. Wayar babban layi kuwa, ko da sanda kada a matsa, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ko ya tashi ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita a duba zuciyarsa.