Dabbobin Kiwo da Tofon Itatuwa a Dajin Falgore

Matafiyin da ya bar Ƙafin Maiyaki ya nufi kudu, da zarar ya wuce Tudun Wada zai shiga dajin Falgore, wanda ya miƙa har ƙasar Doguwa. Tun a shekarun 1940 Turawa suka keɓe shi da sunan gandun Kogin Kano, sa'an nan a shekarun 1960 aka mai da shi gandun namun daji. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 1,000. Wanda ya hangi doka da maɗaci da marke daga cikin mota zai ɗauka dajin na nan ƙalau. Amma masana gandun daji ba sama suke fara dubawa ba, ƙasa suke duba, watau 'yan itatuwan da ba su wuce gwiwa ba, domin su ne za su gaji manyan.

A ƙasashen sanyi, dabbar da ta fi damun waɗannan 'yan itatuwa ita ce wata irin barewa mai ƙaho mai rassa. A 1906 gwamnatin Amurka ta hana farautarta a tudun Kaibab na jihar Arizona, aka kuma dinga kashe kyarketai da sauran namun da ke cin ta. Ta hayayyafa ƙwarai, ta cinye tofo iyakar inda bakinta ya kai, har daga 1924 yunwa ta shiga kashe ta garke garke. Manyan itatuwa ba su motsa ba, sai dai na bayansu ne suka yanke.

Ƙasar Hausa ba ta da wannan dabba. Makwafinta su ne gada da mazo da gwanki da kanki, waɗanda farauta ta rage ƙwarai a Falgore. Sai dai bakin da ke cin dajin bai ragu ba, masu shi ne suka sake: shanu da tumaki da awaki sun maye gurbin namun daji, kuma ba zaki ko kura da za su rage yawansu.

A nan wajibi ne a rarrabe tsakanin mai cin ciyawa da mai cin ganye, domin aikinsu ba ɗaya ba ne. Akuya, kamar gada, kan tofo take nema. In ta tsinke shi, itacen ba ya mutuwa nan take. Saiwarsa takan sake turo wani da abincin da ta tara. In aka sake tsinkewa bana, aka sake baɗi, sai ya tsaya a gajerce, wutar daji kuma ta tarar da shi a daidai tsawon da ta fi ƙuna. Itace yakan yi shekaru masu yawa a wannan hali, da rai amma ba girma. Wanda ake ƙi saboda ɗaci ko kaushi, irin su sabara da kalgo, shi ke samun fili, sai kamannin dajin su sauya a hankali ba wanda ya sari komai.

Mai cin ciyawa kuwa, abin mamaki, yakan taimaki itace. A Serengeti ta ƙasar Tanzaniya, bayan an kawar da cutar bushiya a farkon shekarun 1960, wani dangin gwanki ya ƙaru daga kimanin dubu 250 zuwa fiye da miliyan ɗaya a 1977. Da ciyawa ta ragu sai gobarar daji ta ragu, ƙananan itatuwa suka sami damar tashi. Haka shanun da ke rage gamba kafin kaka. Bayan wannan, irin gawo da na ƙirya sukan bi ta cikin dabba su fito tare da takinsu, a wurin da iska ba za ta kai su ba. Saboda haka ɗora wa makiyayi laifin kome, kamar yadda aka saba, gajeren tunani ne.

Inda cutar take shi ne yawa da lokaci. Da rani, in ciyawa ta ƙare, shanu ma ganye suke koma wa, makiyaya kuma su hau kawo da madobiya da maɗaci su sassabe musu rassa. Itacen da ake yi wa haka kowace shekara 'ya'yansa sukan ragu, ga shi ɗan abin da ya tsiro ana cinyewa a ƙasa. Lamarin bai tsaya ga daji ba: Kogin Kano ta nan ya ratsa kafin ya zuba a madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, kuma gaɓar da ta rasa saiwoyi ƙasarta cikin ruwan take ƙarewa.

Hanyar auna wannan ba ta da tsada. Akan killace ƙaramin fili da waya, a bar wani kamarsa a buɗe kusa da shi, a ƙidaya 'yan itatuwan kowanne iri iri, a kuma auna tsawonsu ƙarshen kowace damina. Bayan 'yan shekaru, bambancin da ke tsakanin filayen biyu shi zai nuna wa ma'aikacin gandun daji wane yanki ya kamata a hutar, da kuma irin dabbar da ya kamata a rage a cikinsa.