Zaɓen Jakar Barci Mai Rahusa Don Farauta a Ƙasashen Sanyi

Jakar barci wani bargo ne da aka ɗinke shi kamar buhu, aka sa masa zik, domin mutum ya shige ciki ya kwana a fili. A tsaunukan Roki na Amurka, musamman jihohin Kolorado da Montana, inda mafarauta ke ratsa daji da ƙafa daga Satumba zuwa Nuwamba suna bin sawun babbar barewar nan da ake kira elk, sanyin dare yakan sauka ƙasa da sifiri, don haka jakar da mafarauci ya goya ita ce ke tsakaninsa da daskarewa. Jakar ba ta samar da zafi da kanta. Aikinta shi ne ta tsare iskar da jikin mutum ya ɗumama a cikin abin da aka cusa mata.

Abin da ya fi ruɗin mai saye shi ne lambar da ke jikin jakar. Ƙa'idar gwaji ta Turai mai lamba EN 13537, wadda ISO 23537 ta maye gurbinta a 2016, ta tanadi a kwantar da mutum-mutumi mai ɗumi cikin jakar a ɗaki mai sanyi, a fitar da matakai uku. Na farko shi ne sanyin da mace za ta yi barci a cikinsa a sake, na biyu shi ne wanda namiji zai iya barci a cikinsa a takure, na uku kuwa iyaka ce ta tsira da rai kawai, wadda mutum zai kwana yana karkarwa a kanta. Yawancin jakunkuna masu araha ba a yi musu wannan gwaji ba, kuma wasu kamfanoni kan buga lambar da ta fi jan hankali, saboda haka mai hankali yakan dubi matakin farko kaɗai. Ya kamata kuma a lura cewa Amurkawa da ma'aunin Farenhait suke lissafi: jakar da aka rubuta mata 20 tana nufin kusan digiri 7 ƙasa da sifiri a ma'aunin Selshiyas.

Abin cusawa iri biyu ne. Akwai tattausan gashin da ke ƙarƙashin gashin waje na agwagwa ko dinya, wanda ba shi da nauyi kuma yana matsuwa ya zama ɗan ƙulli, amma yana da tsada, kuma da zarar ya jiƙe sai ya dunƙule ya daina riƙe ɗumi. Ana auna ingancinsa da yawan kumburinsa, inda mai lamba 600 ya fi mai 850 araha nesa ba kusa ba, alhali zai iya ba da ɗumi iri ɗaya idan an cusa shi da yawa, sai dai nauyi ya ƙaru. Zaren roba kuma ya fi rahusa, yana jure laima, yana saurin bushewa, ko da yake yana cin wuri a cikin kaya. Wanda zai kwana kusa da motarsa ba shi da dalilin biyan kuɗin rashin nauyi; wanda zai hau tsauni na kwanaki ne kaɗai wannan ya dama.

Siffar jaka ma tana da tasiri, domin wadda ta tsuke wajen ƙafafu, take da hula da ake zugewa a fuska, ta fi mai kusurwa huɗu riƙe ɗumi. Sai dai mafi yawan masu kukan sanyi ba jakar ce ta gaza musu ba, shimfiɗa ce, tun da nauyin jiki yana danne abin cusawar da ke ƙarƙashinsa, ƙasa kuma ta riƙa zuƙe zafin kai tsaye. Shi ya sa ake auna katifar daji da wata lamba da ake kira R, kuma ga daren da ruwa ke daskarewa ana son mai 4 ko sama da haka. Ga mai neman rahusa kuwa, jakar gwanjo na iya biyan bukata, muddin an girgiza ta an ga ta kumbura, domin wadda ta daɗe a matse cikin buhunta, musamman ta zaren roba, ba ta komawa yadda take.