Amfilifayar Gwanjo da Maganar Kai Ta Sabis

Duk wanda ya sayi amfilifayar gwanjo, ko a Alaba ta Legas ko a Sabon Garin Kano, da wuya ya bar rumfar bai ji wannan gargaɗin ba: "Alhaji, ka riƙa kawo ta sabis lokaci-lokaci, in kana so ta daɗe." A 'yan shekarun nan wata magana ta ƙaru a kai, wadda ke yawo tsakanin masu sha'awar tsofaffin Pioneer da Sansui da Technics, wai duk amfilifayar da ta kwana biyu dole a cire kafasitocinta baki ɗaya a sa sababbi, ko tana da ciwo ko ba ta da shi. Maganganun biyu suna cin kuɗin mutane, ta farkon kuma ta kashe na'urori masu lafiya da yawa.

Asalin ruɗanin ba ɓoyayye ba ne. Mun saba da janareta da babur, waɗanda ƙarfe ke gugar ƙarfe a cikinsu, man injin yana baƙi, fulogi yana yin datti, don haka ranar juye mai tana zuwa ko an so ko ba a so ba. Amfilifaya mai tiranzisto ba ta da abin da ke juyawa, in ban da 'yar fanka a wasu. Babu mai, babu abin da ke sassautowa don an yi wata uku ana saurare. In tana kunnuwa, sautin hagu da na dama suna fita daidai, ba gurnani, ba warin ƙuna, to babu abin da sukuddireba zai ƙara mata.

Abin da ke damuna shi ne abin da ake yi da sunan sabis ɗin. An buɗe marfi, an zuba fetur an goge allon da tsohon buroshin haƙori, wani lokacin har a fesa man da ake kwance tsatsa da shi cikin maɓallin ƙara murya. Wannan man yana barin maiƙo, maiƙon yana kama ƙurar hunturu, bayan wata biyu ƙarar "ƙarr-ƙarr" ta dawo fiye da da. Mafi muni, a kan allon akwai wasu 'yan ƙananan maɓallai da kamfani ya saita da mita, su ne ke ƙayyade wutar da manyan tiranzistoci ke ja ko ba a sa waƙa ba. Yaron shago ya murɗa su da kunne don "ta ƙara ƙarfi", sai amfilifaya ta koma gida tana zafin da ba ta taɓa yi ba, ranar suna ko walima ta ƙone. Mai ita kuma ya ce ai dama gwanjo ce.

Gaskiyar da ke cikin magana ta biyu ita ce, kafasito yana tsufa. Irin masu kama da gwangwanin nan suna da wani ruwan sinadari a ciki, aikin manyansu kuwa tara wuta da sakinta a natse, don sauti ya fita ba tare da gurnanin wutar gida ba. Ruwan yana ƙafewa sannu a hankali ta bakin robar da aka toshe gwangwanin da ita, kamar yadda ruwan randa ke raguwa ko ba wanda ya ɗiba, kuma randar da ke rana ta fi ta inuwa saurin yin ƙasa. Masu ƙera kafasito suna da lissafi a kan haka: duk ragin digiri 10 na zafi yana ninka tsawon ransa. Ɗauki wanda aka ƙera don ya yi awa 2,000 a digiri 85. In cikin akwatin bai wuce digiri 45 ba, zai kai awa 32,000, wato sama da shekara 20 ga mai saurare awa 4 a rana. In zafin ya kai 65, awa 8,000 ce kawai, shekara 5 da ɗoriya. Na'ura ɗaya, kafasito ɗaya, bambancin duk daga iska ne.

Yanzu a tuna Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, ɗaki mai rufin kwano, zafin waje ya haura 40. Amfilifaya tana cikin kabad mai gilashi, an shimfiɗa mata kyalle mai ado a kai don kada ta yi ƙura, an ɗora dikoda a kan kyallen. Ramukan da zafi zai fita duk an toshe. Wanda ya cire kyallen nan, ya bar tazarar tafin hannu a sama da gefe, ya hure ƙurar da ke kan ƙarfen alminiyon da ke janye zafi bayan kowane hunturu, ya yi mata abin da ya fi sabis goma.

Shekaru kaɗai ba su isa hujjar sauya kafasito ba. Akwai na'urorin Japan na shekarun 1970 da har yau nasu na asali ke aiki, alhali wasu kayan lantarki da aka ƙera tsakanin 1999 zuwa wajen 2007 sun zo da kafasitoci masu gurɓataccen ruwa da suka kumbura cikin 'yan shekaru. Abin da ake dubawa shi ne: kai ya kumbura, ƙasa ya yi yoyo, gurnani yana fita ko an rage murya, ko mita ta nuna ya gaza. A kasuwarmu ma akwai ƙarin dalilin yin hattara, domin jabun kafasito sun yi yawa, har akan fasa babban gwangwani a tarar da ƙarami a ciki. Cire na asali mai lafiya a sa irin wannan asara ce biyu. Hukumar SON tana da hurumin hana shigo da jabun kaya, hukumar NESREA kuma tun 2011 take da ƙa'idoji a kan tsofaffin kayan lantarki da ake jibgo mana, amma mai saye a rumfa har gobe idonsa ne kawai gatansa.

Dubawa ta gaske sau ɗaya ake yinta, ranar da aka saya, kuma kafin a sa a soket. A juya bayanta a karanta. Kayan Turai na bolt 220 zuwa 240 ne, sun dace da wutarmu. Na Amurka 120 ne, na cikin gidan Japan 100, kuma irinsu in aka cusa kai tsaye, sakan kaɗan ne hayaƙi ya tashi. Suna buƙatar tiransfomar rage wuta mai ƙarfin ɗaukarsu. Mai gyaran da ya san aikinsa zai fara kunna wadda ta daɗe a ajiye ta hanyar ƙwan fitila mai zare, wanda zai yi haske ya riƙe wutar in akwai matsala a ciki. Zai sa mita a bakin da ake ɗaura lasifika ya tabbatar ba wuta ke tsayawa a wurin ba, don ita ce ke ƙona lasifika. Zai duba dalmar da ta tsage a ƙafafun manyan kaya saboda jijjigar kwantena da mota. Zai kuma duba fis, domin sau da yawa wani ya riga ya naɗa waya a madadinsa, wanda ke nufin ranar da wuta ta yi sama, ba abin da zai tsinke sai tiransfoma.

Bayan wannan, abin da ke kashe amfilifaya a gidajenmu daga waje yake zuwa. Wutar da ake kawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, da ƙaramin janareta da ke hawa da sauka, don haka a kashe ta kafin a sauya layi, a kuma nemi sitabilaiza mai jinkirin saki. Sai tara lasifiku. In an rubuta om 8 a baya, aka jona biyu a layi ɗaya, sun koma 4, huɗu kuma sun koma 2, kowace ƙari tana tilasta wa tiranzistoci jan wutar da ba a gina su don ita ba. Masu ɗaukar ta falo su kai filin biki su ne suka fi cika shagunan gyara.

Mai amfilifaya irin ta da, mai bawul na gilashi da ke yin ja, shi lissafinsa dabam ne, domin bawul yana cinyewa da aiki, ana sauya shi a kuma sake saiti. Wutar cikinta tana kai ɗaruruwan bolt, manyan kafasitocinta kuma suna riƙe ta bayan an zare daga soket, saboda haka ba wurin sa hannun mai koyo ba ne, balle yaran gida.