Tungan Maje: Idan iyaye sun tafi Sakatariya, wa ke riƙe da tsintsiya?

Tungan Maje na ƙarƙashin Ƙaramar Hukumar Gwagwalada, a kan babbar hanyar da ta taso daga Zuba ta nufi Lokoja. Tana cikin garuruwan gefen Abuja da tsadar haya ta tura ƙananan ma'aikatan gwamnati da masu taimaka wa manyan jami'ai. Wanda zai isa ofis a Sakatariyar Tarayya da ƙarfe 8 na safe tilas ya yi sammako, kuma sau da yawa sai bayan magariba zai dawo. A tsakanin waɗannan lokuta akwai shara da wanke-wanke da ɗiban ruwa da girki da rainon ƙanana, kuma dole wani ya yi su.

A da, amsar gidaje da dama ita ce a ɗauko 'yar aiki daga ƙauye. Yanzu wannan hanya ta ƙuntata. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai bar rarar ciyar da ƙarin baki ba. Ga kuma doka. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda ke aiki a Babban Birnin Tarayya, ta hana sanya yaro aikatau a wajen gidansu ko danginsa, yayin da dokar yaƙi da safarar mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta mayar da ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida laifin da ke kai mutum gidan yari.

Saboda haka aikin ya komo kan 'ya'yan gida, kuma dokar ta 2003 ba ta hana hakan ba. Ta ɗora wa yaro nauyin girmama iyaye da taimaka musu, ta kuma halatta masa aiki mara nauyi a cikin iyalinsa, muddin ba a ɗora masa kayan da zai cutar da girmansa ba. Matsalar tana wajen rabo. Abin da aka fi gani shi ne komai ya tattaru a kan babbar 'ya mace: ita ce tashin asuba, ita ce goyo, ita ce tukunya, alhali 'yan'uwanta maza suna filin ƙwallo.

Wannan ba na Najeriya kaɗai ba ne. Rahoton da Asusun UNICEF ya fitar a 2016 ya nuna cewa 'yan mata masu shekara 5 zuwa 14 suna ɓatar da lokacin da ya zarce na maza da kashi 40 cikin 100 a kan ayyukan gida. Ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya kuma yana ɗaukar aikin gida na awa 21 ko fiye a mako ga yaro mai waɗannan shekaru a matsayin aikin da ya wuce kima. Awa uku ke nan a kullum. Yarinyar da ta jido ruwa da jarka kafin makaranta, ta dawo ta ɗora abinci ta yi wanki, tana iya haye wannan iyaka ba tare da kowa ya lura ba, sai dai a ga tana gyangyaɗi a aji.

Masu cewa aikin gida ba na namiji ba ne sun manta da tarbiyyar da aka gada. Binciken da masaniyar zamantakewa Enid Schildkrout ta yi a birnin Kano cikin shekarun 1970 ya nuna yadda matan kulle suka dogara da yara, maza da mata, wajen aike da cefane da kai saƙo gida-gida. Yaron Bahaushe bai taso yana zaune ana yi masa ba.

Dabarar da ke aiki ba ta buƙatar ko kwabo. Ana farawa da wuri, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ɗan shekara huɗu ko biyar zai iya kwashe kwanonsa ya jera takalma. Mai bakwai zuwa tara zai share tsakar gida, ya wanke safarsa, ya tsince shinkafa. Daga goma zuwa sama a koya masa wanke kayan makaranta da dafa abinci mai sauƙi, amma tukunyar gas da tafasasshen mai sai da babba a kusa. Ranar Asabar, lokacin da iyaye ke gida, ita ce ranar koyarwa: a yi tare da yaro sau biyu ko uku kafin a sakar masa. A rubuta rabon a manna a bango, a riƙa juya shi mako-mako domin kowa ya ɗanɗana wanke-wanke, a kuma gama shi kafin lokacin bitar karatu da Islamiyya. Kada a mayar da shara horo, domin yaron da aka hukunta da tsintsiya zai tsane ta har girmansa. Idan ya yi bai fita sosai ba, a yaba ƙoƙarin a nuna gyaran, maimakon a karɓe a ba yayarsa.

Babban darasin kuwa yana hannun uba. Magidancin da ya dawo daga ofis ya guge rigarsa da kansa, ko ya ɗauki bokiti ranar hutu, ya rufe bakin ɗansa da ke cewa wannan aikin mata ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a gidan da iyaye ke wuni a hanyar Zuba, bai kamata hannun ya zama na yarinya 'yar shekara 12 ba.