Kunne Biyu Ya Fi Ɗaya

Gaisuwa ta musamman ga matan Matsinkai da sauran garuruwan Bagudo, har zuwa bakin iyakar Benin.

Ke da kike cikin kulle, waya ce kasuwarki. Da ita ake sayen man gyaɗarki, da ita kike ganin kuɗi sun shigo. Idan sabis ya ɗauke, maigida zai fita bakin hanya ya nema, ke kuwa sai dai ki zagaya tsakar gida. To, yau za mu yi magana kan 'yar na'urar nan ta Wi-Fi mai ƙahoni biyu. Ƙahonin nan eriya ce, irin ta rediyonki. Wayarki ma, in mai 4G ce, tana da aƙalla biyu a ɓoye cikin jikinta.

Me ya sa ɗaya ba ta isa ba? Saƙon iska ba hanya ɗaya yake bi ba. Wani ya zo kai tsaye, wani ya bugi katanga ko kwanon rufi ya dawo, kamar amsa-kuwwa. In sun haɗu, a wani wuri su ƙarfafa juna, a wani wuri su kashe juna. Tsakanin wuri mai kyau da marar kyau bai kai taƙi ɗaya ba, wajen santimita 6 ne a Wi-Fi na gama-gari. Shi ya sa aka ware eriyoyin: in ɗaya ta faɗa inda saƙo ya mutu, ɗayar ta ji.

Akwai aiki na biyu. Na'urar kan raba saƙo kashi biyu, kowace eriya ta ɗauki nata a lokaci guda, kamar ki raba tallar ƙosai ga yara biyu. Amma fa sai mai karɓa shi ma yana da eriya biyu. Wannan dabara ana ce mata MIMO. Wani malamin Jami'ar Stanford ta Amurka, Arogyaswami Paulraj, ɗan asalin Indiya, da abokin aikinsa suka sami rajistarta a 1994, ta shiga ƙa'idar Wi-Fi a 2009.

Saboda haka 'yar uwa, kada ki ajiye na'urar cikin jeren kwanoni ko bayan akwatin ƙarfe, don ƙarfe yana tare saƙo. Ɗora ta sama kusa da taga, ki miƙe ƙahonin. In hoto ya ƙi tafiya, gusa ta kaɗan kafin ki ce ta lalace. Kuma ku na bakin iyaka, ku riƙa duba sunan kamfanin da ya fito a wayarku, kada ta kama na Benin a ci muku kuɗi.

Sai dai ki sani, eriya ko goma ce ba ta kawo sabis inda ƙarfen sabis bai kai ba. Kada mai kaya ya ruɗe ki da yawan ƙahoni.

Allah Ya yi wa sana'armu albarka. Mu kwana nan, a huta lafiya.