Amsoshin Tambayoyinku: Ta Ina Ciwon Daji Yake Samun Jini?

TAMBAYA: Wani manomi mai sauraronmu daga Kusada yana cewa, ya ji an ce akwai sojoji a jikin mutum masu yaƙar cuta. To don me suke zuba ido ƙullutun ciwon daji ya yi ta girma?

AMSA: To malam, ba zuba ido kawai suke yi ba, wani lokaci har taya shi aiki suke yi. Ka dai san ƙuduji, ba ya rayuwa sai ya kama saiwar dawa ko gero. Haka ciwon daji yake da jini. A shekarar 1971 wani likita a Amurka, Judah Folkman, ya bayyana cewa ƙullutun ba ya wuce milimita 1 zuwa 2, wato kamar ƙwayar gero, sai ya samu sababbin hanyoyin jini.

To wa ke taya shi janyo su? Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda likitoci ke kira makurofaj. Aikinsu shi ne haɗiye ƙwayoyin cuta da gyaran rauni. In lauje ya yanke ka, suna cikin masu sa sababbin hanyoyin jini su tsiro, wurin ya warke. Shi kuwa ƙullutu, da tsakiyarsa ta rasa iska sai ya yi musu kururuwa. Su kuma su ɗauka rauni ne, su saki wani sinadari mai suna VEGF, hanyoyin jini su yi ta tofowa. Ka ga mai gadi ya koma yi wa ɓarawo ban-ruwa ke nan. A 2004 Amurka ta amince da maganin Avastin mai tare wannan sinadari, amma yana da tsada, kuma shi kaɗai ba ya warkarwa.

Waɗannan hanyoyi ba su da ƙwari, shi ya sa ciwon kan yi saurin zubar da jini, kuma ta cikinsu yakan bi ya yaɗu. Saboda haka in ka ga ƙullutu yana girma, ko a nonon maiɗakinka, ko gyambon da ya ƙi warkewa, kada a kai wa wanzami ya tsaga. A je babban asibitin Kankiya a duba. In da hali su tura ku Katsina ko asibitin koyarwa na Shika, Zariya. Ba kowane ƙullutu ne daji ba, amma da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.