Labulen Damina Da Fitilar Kwana: Darasi Daga Tsohuwar Mota

Jama'a, masu iya magana sun ce garin neman gira a kan rasa ido. Wannan karin magana ya dace da wani aiki da masu adana tsofaffin motoci ke yi, watau ɗaura labulen ruwa da sanya sigina. Mun ga ya kamata mu bayyana shi, domin akwai abin da zai amfani mutanenmu na Nasarawan Doya da sauran ƙasar Makarfi, Ikara da Kudan.

Irin motar da muke nufi ita ce buɗaɗɗiya mai rumfar tamfal, wadda ba ta da gilashi sai na gaba. Wadda ta fi shahara ita ce Ford Model T, da aka ƙera a Amurka daga 1908 zuwa 1927, har fiye da miliyan 15. A nan ƙasar kuwa, dattawa ba su manta da Land Rover mai tamfal ba, wadda aka fara ƙerawa a Ingila a 1948, ta kuma yi wa En'e da Joji aikin rangadi.

Idan hadari ya taso, sai a fito da labule daga ma'ajinsa. Da tamfal ake ɗinka shi, da 'yan tagogi masu nuna waje, a maƙala shi jikin rumfa da maɓallai. A wasu motocin akwai sandar ƙarfe da ake cusawa a kan ƙofa, domin labulen ya riƙa buɗewa tare da ita. Wanda zai ɗinka sabo, sai ya fara ta da rumfar ya ɗaure ta tamau, sa'an nan ya auna, ya yanka misali da takarda kafin ya taɓa tamfal. Tagogin dā sukan yi ja su tsage, ga saurin kama wuta, shi ya sa yanzu ake sa roba mai kauri. Ba a ninke ta, ba a kuma ajiye labule da danshi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Model T ba ta zo da sigina ba. Direba kan miƙa hannu waje ne ya nuna inda ya nufa. Da an ɗaure labule, hannu ya rasa hanya, ganin gefe kuma ya ragu, a daidai lokacin da hanya ta fi santsi. Wasu maɗinka sukan bar 'yar kafa ta fid da hannu, amma wa ke ganin hannu cikin duhun ruwan Agusta? Saboda haka aka ƙago ɗan hannu mai fitila da ke ɗagowa daga gefen mota, kamar na tsohuwar Morris Minor. A 1939 kuma kamfanin Buick ya fara fito da motocinsa da fitila mai ƙyaftawa.

A Nijeriya akwai ƙarin dalili. Ran 2 ga Afrilu, 1972, aka koma tuƙi ta hannun dama. Direban tsohuwar mota mai sitiyari a dama, in ya miƙa hannu, bakin hanya ya miƙa shi, mai shirin wuce shi ta hagu bai gani ba.

Aikin sanya siginar ba mai wuya ba ne ga mai wayarin da ya san hannunsa. Ana bukatar fitilu 4 masu ruwan goro, da makunni a gindin sitiyari, da ɗan abin da ke sa wuta ƙyaftawa, da fiyus. A lura da batir: na tsofaffin motoci da yawa bolt 6 ne, na yanzu kuwa 12, kowanne da irin ƙwan fitilarsa. Ƙa'ida ita ce fitila ta ƙyafta sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Da yake akwai katako a gangar jikin irin waɗannan motoci, gara a ja wa kowace fitila wayarta ta komawa. A ɗaura su a kan notunan da ke akwai, kada a huda jikin motar. Har wa yau, makunnin ba ya kashe kansa bayan kwana, don haka a sa 'yar fitilar tuni a gaban direba.

Kada mai karatu ya ce wannan zancen masu kayan tarihi ne kawai. Keke Napep da ke ɗaukar mata da 'yan makaranta, ai buɗaɗɗiyar mota ce mai rumfa da labule. Sau nawa muke ganin labulen da ya rufe madubi, ko robar da ta dushe, ko siginar da ta mutu tun bara? Ga manyan motocin rake suna bin hanya ɗaya da su.

Muna roƙon malamai da akawuna, ku da jama'a ke jin maganarku, ku tunatar da direbobi tun kafin ruwa ya sauka: wanda ya kai labule wurin maɗinki, ya biya wurin mai wayarin a rana ɗaya. Jiƙewa rana ke maganinta, amma rai ba shi da na biyu. Allah Ya kiyaye hanya, amin.